Tsallen Masta Issifu

A duk Magazin ɗin Suame da ke Kumasi, inda ake gyaran motoci tun daga bakin titi har iyakar ganin ido, babu wanda ya kai Masta Issifu sanin injin tsohuwar mota. Kuma babu wanda ya kai shi tsoro. Yana tsoron kare, yana tsoron allura, tsani kuwa ko matakin farko ba ya takawa. In aka yi ruwa, kwalbatin ƙofar gidansu a Zongo ya cika, sai ya tsaya ya naɗe ƙafar wando ya karanta abin da ya sawwaƙa kafin ya ƙetare. Matarsa Fusena, mai tuyar ƙosai, ita ke kashe kunama a gidan. Shekararsu goma sha tara tare, da 'ya ɗaya, Ajara, wadda ke aure a Buokrom. Fusena ba ta taɓa yi masa gori a gaban mutane ba, sai sun shiga ɗaki take sakin dariyarta.

A bayan shagonsa akwai wata tsohuwar lorin soja, ragowar yaƙin Bama, wadda ta daɗe a yashe har kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinta. Issifu ya yi ta lallaɓa ta duk ranar da aiki ya yi sauƙi, har wata safiya a damunar 1969 ta yi tari sau biyu ta tashi. Ba a yi mako biyu ba sai ga wani gajeren mutum mai tabarau daga Ankara, babban birnin ƙasar, can bakin teku. Ya ce sunansa Mista Ampofo, ma'aikacin talabijin ne, yana shirya wasan kwaikwayo na yaƙi, kuma an gaya masa a Kumasi kaɗai zai samu irin wannan mota da ranta. Kwana uku yake son ta, da sharaɗin mai ita ya biyo ta, don in ta mutu a daji babu mai tashe ta sai shi.

Issifu na cikin neman hanyar da zai ce a'a sai Garuba ya amsa masa. Garuba abokinsa ne, mai shayi a bakin Magazin, wanda aka zo da shi daga Dosso yana goye. Shayinsa na da daɗi, labarinsa ya fi shayin daɗi, sai dai kowa ya san in Garuba ya ce ya ga akuya biyu, to wataƙila ya ga ɗaya daga nesa. Ya ce Masta zai je, shi ma zai je da butarsa, domin masu wasa ma ai suna shan shayi.

Haka aka yi. Ranar Talata da sassafe suka kama hanya, Issifu na tuƙi, Mista Ampofo a gefensa, a baya kuma Garuba da masu kyamara da wasu samari 'yan makaranta rungume da bindigogin katako. A hanya Mista Ampofo ya ba shi labarin wasan. Wani soja ne ɗan ƙasar nan, Kofur Mensa, abokan gaba suka kama shi a Bama suka sa shi a kurkuku. Ya samu ya tsere, amma matsoraci ne na ƙarshe, sai ya yi ta ɓuya a daji yana kuka. Can a ƙarshen wasan zai ji asirin wani harin kwanton ɓauna da za a kai wa 'yan uwansa, kuma babu hanyar kai musu labari sai ta faɗawa kogi daga kan gada. Issifu ya ce lallai wannan Kofur mutum ne mai hankali, ban da ƙarshen.

Kwana biyu na farko sun tafi lafiya. Lori ta yi abin da aka ce ta yi, ta wuce gaban kyamara sau tara tana hayaƙi, 'yan makaranta suka ja huluna har bisa hanci suka zama sojojin Japan. A rana ta uku aka je wata gadar katako da masu yankan timba suka kafa a kan kogin Ofin. Kogin ya cika fal, ruwansa ja kamar shayin Garuba, yana tafiya ba hayaniya. An ɗauko masunta biyu da kwalekwale suka ɓuya a bayan wani reshe don su tsamo wanda zai faɗa.

Mai fitowa a matsayin Kofur Mensa wani dogon saurayi ne kyakkyawa mai tsaga a gashi. Ya taka har tsakiyar gada, ya leƙa ƙasa, ya dawo ya zauna a kan kututture ya ce yanzu ya tuna likita ya hana shi ruwan sanyi. Mista Ampofo ya lallashe shi, ya yi faɗa, ya jefar da hularsa ƙasa ya tattake ta, saurayin bai motsa ba. Ana cikin haka Garuba ya miƙa wa Mista Ampofo kofin shayi, ya ce masa ai abin da yake nema na tsaye a gabansa. Masta Issifu tsawonsu ɗaya da yaron, kuma a bakin kogin Volta aka haife shi, tun kafin ya iya tafiya yake kama kifi da hannu.

A Zongo aka haifi Issifu, a ɗakin da ke kusa da famfo. Ya faɗi haka, amma muryarsa ba ta fita sosai ba. Mista Ampofo kuma mutum ne mai dabara. Ya ce babu wanda ya yi maganar tsalle, a dai gwada kakin a gani ko zai yi masa. Kaki ya yi masa cif. Ya ce to ya taka kan gadar kaɗan don mai kyamara ya auna nisa. Issifu ya taka, yana kallon katakon da ke gabansa kawai. Da ya kai tsakiya sai kowa ya ja da baya, Mista Ampofo ya ɗaga farin hankici daga bakin gaɓa ya ce in ya sake shi, taku huɗu ne sai ruwa.

"Garuba, ban iya iyo ba," in ji Issifu.

"Masta, ai shi ya sa aka kawo masunta. Su za su yi maka iyon, kai faɗawa kawai za ka yi."

Hankici ya faɗi. Issifu bai motsa ba. Aka ɗauko shi aka sake saki, nan ma shiru. Ƙafafunsa sun zama kamar an kafe su da kusoshi. Bai san cewa a kan layin kwarkwasa yake tsaye ba, waɗanda ke ƙetare gadar da nasu uzurin. Sun bi takalmin soja sun hau, sun shige cikin wandon kaki da yawansu, suka jira har suka kai inda suka kai, sannan suka ciza gaba ɗaya.

Issifu ya daka tsalle a inda yake. Ya mari cinyarsa ta dama, ya mari ta hagu, ya juya sau ɗaya, sannan ya zuba a guje, kuma da yake gadar ba ta da faɗi, gudun bai yi nisa ba. Ya ji katako ya ƙare a ƙarƙashinsa. Ya ga sama, ya ga itatuwa a kife, sai ruwa ya rufe shi.

A ƙarƙashin ruwan babu ƙara ko kaɗan. Sanyi ya shiga ko'ina, cizon ya lafa, ya buɗe ido bai ga komai ba sai ja. Kafin ya gama tunanin mutuwa wani hannu ya damƙi wuyan rigarsa, aka jawo shi cikin kwalekwale kamar buhun rogo. Ya yi tari, ya amayar da ruwa, ya taɓa hannuwansa da ƙafafunsa ya ji duk suna nan. Daga nan dariya ta kama shi. Ya yi ta yi yana kwance a cikin kwalekwalen, hawaye na zuba, har masuntan suka dubi juna suka fara tasu.

A bakin gaɓa Mista Ampofo ya rungume shi da jiƙaƙƙen kakinsa. Sannan ya yi 'yar gyaran murya ya ce mai kyamara ba shi da tabbacin ya kama komai, da za a samu a sake sau ɗaya da hankalinsa ya kwanta. Ya faɗi haka ne yana kallon ƙasa, don ya san amsar da zai samu. Garuba ma ya buɗe baki zai ce ya isa haka.

Issifu ya cire wandon a bayan lori ya kakkaɓe shi, ya mayar, ya hau gadar. Ya duba katako ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi inda babu ko ƙwaro ɗaya ya tsaya. A wannan karon ya leƙa ƙasa. Tsoron ya fi na farko, domin yanzu ya san nisan, ya san sanyin, ya san yadda ciki ke tashi ya bar mutum. Babu abin da ke cizonsa, kuma hanyar komawa gaɓa a buɗe take. Ya tsaya har ya ji numfashinsa ya daidaita, ya yi bisimilla, bai ko jira hankici ba ya yi taku huɗu ya buɗe hannuwa ya tafi.

Da aka tsamo shi ya tambaya ko za a yi na uku. Mista Ampofo ya ce fim ɗin da ke cikin kyamara ya ƙare.

A hanyar dawowa Issifu ya yi ta danna oda babu dalili, yana gaida duk wanda ya gani a bakin hanya. Ya isa Zongo da la'asar, ya tsallake kwalbatin ƙofar gida da tsalle ɗaya, ya tarar da Fusena na surfa wake, ya ce mata ya faɗa kogi daga kan gada har sau biyu. Ta goge hannunta a zane ta taɓa goshinsa, ta tambaye shi ko ya sha wani abu a wajen mutanen Ankara. Ya rantse. Ta ce to, ya je ya yi wanka, yana warin kifi.

Maganar kwarkwasa bai yi ta ba. Garuba ya lura da su tun a can, amma ya ce ƙwari ba su dace da labari irin wannan ba, don haka ya cire su ya sa kada a madadinsu. Da wannan gyara matsala ta fara. Ranar farko a teburin shayi gadar ta kai tsawon bene mai hawa biyu, da kada ɗaya a ƙasa. Kafin mako ya zagayo ta kai hasumiyar masallaci, kadoji sun zama uku, ɗaya ma Masta ya taka kansa ya wuce. Duk wanda da zai yarda da Issifu, da ya ji shaidarsa Garuba ne sai ya fasa. Masu gyaran mota suka riƙa kiransa Sarkin Ruwa, in an yi yayyafi su tambaye shi ko zai yi nutso a tafkin bakin shago. Issifu ba ya fushi. Yakan yi murmushi ya ce su jira talabijin. Wani lokaci yana kwance ƙarƙashin mota sai a ji shi yana dariya shi kaɗai.

Talabijin ta yi jinkiri. Damuna ta wuce, azumi ya kama, sai ga dokar da ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Zongo ta rikice. Mutanen da aka haifi 'ya'yansu da jikokinsu a nan suka riƙa ɗaure tabarmi da tukwane. Garuba ba shi da takarda, bai taɓa sanin ana bukatarta ba. Issifu ya kai shi tasha da iyalinsa a cikin lorin sojan, suka yi tafiyar babu mai magana, abin da bai taɓa faruwa ba in Garuba na wuri. Sai da ya hau motar arewa, butarsa a kan cinya, ya leƙo ta taga.

"Masta, in an nuna, ka ce musu kadojin suna ƙarƙashin ruwa ne, shi ya sa kyamara ba ta gan su ba."

Issifu ya yi dariya, ya juya da sauri ya koma lori.

A watan Janairu aka sanar za a fara wasan, kowace Alhamis da an sallame Magariba, mako shida. A layinsu mutum ɗaya ke da talabijin, Hajiya Humu mai fataucin goro. Ta sa aka fito da ita baranda aka ɗora a kan tebur, aka yaye ƙyallen da take rufe ta da shi. Tsakar gidan ya cika, ko da yake kowa na ganin gurbin waɗanda da suna nan da a nan za su zauna. Da yake da Turanci ake wasan, aka ba Baba Brimah kujera a gaba don ya fassara. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin Bama da ƙafafunsa, kuma ya zo da lambobinsa a ƙirji.

Ba a yi minti biyar da farawa ba lori ta bayyana tana hayaƙi. Mutanen Magazin suka miƙe tsaye suna tafi, wani na cewa shi ya ɗinke mata tanti, wani na cewa tayar baya daga shagonsa ta fito, har Hajiya Humu ta ce in ba a zauna ba za ta mayar da ƙyallenta. Tun tafiyar mutane ba a yi irin wannan hayaniya a layin ba. Baba Brimah kuwa rabin fassara yake yi, rabin ƙorafi. Ya ce babu itacen koko a Bama, ga shi nan kuma a bayan Kofur har da 'ya'ya. Ya ce wannan sojan Japan na hagu ya san ubansa, tela ne a Asawase.

Duk da haka Kofur Mensa ya shiga ran mutane. A mako na farko ya tsere daga kurkuku ba da niyya ba, ya ɓuya ne a bayan lori barci ya kwashe shi, ya farka a daji. Daga nan sai ɓuya. Ya kwana a kogon itace, ya saci rogo ya ci ɗanye, ya ga inuwarsa a ruwa ya ruga. Mata suka riƙa yi masa faɗa ta cikin gilashi, suna gaya masa ta inda zai bi, maza na cewa ya ba sojoji kunya, amma ranar Alhamis tun kafin kiran salla ake aiko da tabarmi a kama wuri. Fusena ta ce ita dai tana son sa, mutum ne da ba ya ɓoye abin da ke ransa. A kasuwa in mai saye ya yi jinkirin yanke shawara sai a ce masa kada ya zama Kofur.

Issifu na zaune kowane mako a kan benci ɗaya, hannuwa a kan gwiwa, yana jiran gada. In aka tambaye shi yaushe zai fito sai ya ce saura kaɗan.

Alhamis ta ƙarshe ta zo bayan Babbar Salla da 'yan kwanaki. Har kan katanga mutane suka hau. Kofur ya laɓe a bayan wani dutse ya ji abokan gaba na shirya harinsu, Baba Brimah ya fassara wannan kalma bayan kalma, babu ƙorafi. Kofur ya rarrafa ya fito, aka gan shi, aka biyo shi. Sai ga gada. Aka nuna fuskar saurayin mai tsaga a gashi, gumi na zuba, leɓɓansa na rawa. Daga nan kyamara ta koma nesa, ta baya, ga mutum ɗaya tsaye a tsakiyar gada cikin kaki, an sa ƙarar bindigogi ta ko'ina.

Issifu ya miƙe zaune. Mutumin da ke cikin gilashi ya tsaya, ya tsaya. Sai ya daka tsalle a inda yake. Ya mari cinyarsa ta dama, ya mari ta hagu, ya juya sau ɗaya, ya zuba a guje, ya tafi ƙasa ƙafafu na wutsil-wutsil a iska.

Na farkon suka sa. Issifu ya ji kamar an zuba masa ruwan kogin a baya.

Sai aka ji muryar Baba Brimah a hankali. Ya ce wannan wurin kaɗai ne suka yi daidai a duk wasan. Haka abin yake, in ƙafafun mutum suka ƙi tafiya sai ya doke su da hannunsa, ya ga an yi, shi ma ya yi. Ya ciro hankici ya share ido. Daga nan wuri ya ɓarke, ana tafi ana guɗa, wasu na faɗowa daga katanga.

Fusena ce ta miƙe a tsakiyar mata, tana nuna talabijin da hannu, duk da an riga an koma nuna fuskar saurayin yana fitowa daga ruwa da tsagarsa ba ta ko jiƙe ba.

"Wancan da ya faɗa Baban Ajara ne."

Aka ce ta yaya ta sani, ba a ga fuska ba.

"Shekara goma sha tara ina ganin bayan mutumin nan in yana gudu. Ko a cikin dubu zan fitar da shi."

Kafin Issifu ya yi wani motsi mutanen Magazin sun ɗaga shi sama, sun fara zagaya tsakar gida da shi suna kiran Kofur. Hajiya Humu ta sa a kawo goro a raba. Yana can bisa kafaɗu, ya riƙe kan wani da hannu biyu, yana ganin Baba Brimah na sara masa. Wannan sarawar ce ta fi ƙarfinsa. Ya ce a sauke shi, yana da magana.

Ya faɗa musu komai, layin kwarkwasa da inda suka hau da inda suka ciza. Ya ce babu kada ko ɗaya. Sai Hajiya Humu ta sheƙe da wata irin dariya da ba a san tana da ita ba, sai kowa ya kama. Baba Brimah ya yi dariya har lambobinsa na kaɗawa, ya ce a Bama ma ƙwari sun fi harsashi sa mutum gudu. Issifu ya ɗaga murya ya ce amma akwai na biyu, ya koma ya sake da kansa, babu abin da ya cije shi, shi ne ba su nuna ba. Wannan ya ƙara wa dariyar ƙarfi. Wani ya ce na biyun ai da rina aka yi shi.

"To ranar Lahadi kowa ya shirya," in ji Issifu. "Zan kai ku wurin, ku gani da idonku."

Fusena ta dube shi, ta ga ba wasa yake ba.

Ranar Lahadi lorin soja ta cika har kan tanti. An dafa shinkafa da wake an naɗe a ganye, an soya kifi, Fusena ta kawo kwanon ƙosai. Hajiya Humu ta zauna a gaba da lemarta, Baba Brimah a baya yana koya wa mutane waƙar maci. Duk ƙauyen da suka ratsa sai yara su biyo su a guje. Issifu na tuƙi yana waƙa tare da su, bai rage gudu ba.

Da suka isa, gadar na nan yadda ya bar ta, kogin ne babu. Rani ya janye shi ya bar duwatsu da yashi, da wani siririn ruwa a tsakiya inda wata mata ke tsaye tana wanki, ruwan bai kai mata gwiwa ba. Mutane suka sauko suka jeru a bakin gaɓa suna kallon gada, suna kallon duwatsu. Wani ya ce gaskiya ba ta kai hasumiya ba, amma ta fi bene. Babu wanda ya ƙara yin maganar rina.

Issifu ya cire takalmi ya hau gadar, ya taka har tsakiya. Shi kansa bai san abin da zai yi ba. Sai ya ji an riƙe masa gefen riga ta baya. Fusena ce ta biyo shi, ta ce in ya ƙara taku ɗaya to tare za su tafi.

Suna tsaye haka sai wani dattijo da ke gyaran taru a ƙarƙashin gadar ya ɗaga kai, ya kare rana da hannu, ya ƙyalƙyale da dariya. Ɗaya daga cikin masuntan nan ne. Ya hauro gaɓa yana kiran Issifu da Asantanci, yana cewa ga mutumin da ya shanye musu rabin kogi. Mutanen Zongo suka kewaye shi da tambaya. Ya ce sau biyu ya tsamo shi da wannan hannun. Na farko ya faɗo kamar kayan da suka zame daga mota. Na biyu kuwa ya tsaya ya dube su, ya buɗe hannuwa ya taho, kuma da aka fito da shi cewa ya yi a sake. Ya ce shekara arba'in yana kan ruwan nan, bai taɓa ganin wanda bai iya iyo ba yana roƙon na uku.

Baba Brimah ya gyara tsayuwa a bakin gaɓa ya sake sarawa. Mutanen Magazin suka yi ta ihu suna jifan ruwa da duwatsu, aka zaunar da masuncin aka cika masa ganye da shinkafa, wasu suka naɗe wando suka shiga kogin suna watsa wa juna ruwa, har da Hajiya Humu a gefe tana tsoma yatsun ƙafa.

Issifu na kan gada yana ɗaga musu hannu biyu, bakinsa ya ƙi rufuwa. Can ya lura riƙon da Fusena ta yi wa rigarsa ya ƙara tsanani. Ya waiwaya ya ga idanunta a rufe gam.

"Baban Ajara," ta ce a hankali, "na leƙa ƙasa. Ka fitar da ni daga nan, kuma kada ka gaya wa kowa."

Ya kama hannunta ya juya da ita, yana gaya mata inda za ta sa ƙafa, wannan katakon lafiya, na gaba akwai rami kaɗan, ta ɗaga. Suka yi tafiyar a hankali har ta ji ƙasa a ƙarƙashinta ta buɗe ido. Ta gyara ɗankwali, ta wuce wajen kwanonta ta tarar an kusa cinye ƙosan, ta fara faɗa. Issifu ya karɓi shinkafarsa ya zauna a kan dutse kusa da masuncin, ya tambaye shi a wane wata ruwan ke dawowa.